Daga Malanville zuwa Paraku: yadda ɗalibi ke neman wurin kwana

Malanville ba ta da jami'ar gwamnati. Gari ne na kasuwa da manyan motoci a ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Kwara, kuma gada ce kawai ta raba shi da Gaya ta Nijar. Ƙidayar 2013 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum sama da 168,000, Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, manoman shinkafa da albasa, masunta da 'yan kasuwa. Duk yaron da ya ci jarrabawar BAK ta kammala sakandare a garin, in yana da niyyar wucewa gaba, dole ya ɗaure kayansa ya bar gida. Jami'ar ƙasarsa mafi kusa ita ce ta Paraku, kimanin kilomita 320 kudu, a kan babbar hanyar da ta ratsa Kandi. Wanda aka tura jami'ar Abome-Kalabi, kusa da Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700 ce a gabansa. Saboda haka samun gurbin karatu rabin aiki ne ga ɗan Malanville. Sauran rabin shi ne inda zai sa haƙarƙarinsa, kuma a nan ne iyaye suka fi jin jiki.

Cunkoson Paraku yana da tarihi. Daga 1970, lokacin da aka kafa Jami'ar Dahome, wato ta Abome-Kalabi ta yau, har zuwa 2001, jami'a ɗaya tak ƙasar take da ita, tana can kudu. A 2001, zamanin Mathieu Kérékou, aka buɗe ta biyu a Paraku, sannu a hankali ta tara sassan aikin gona, likitanci, shari'a, tattalin arziki da adabi. Gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makarantar firamare a 2006, a 2008 kuma ta yafe kuɗin rajista ga ɗaliban da ba su da tallafi a manyan sassan jami'a. Ƙofa ta buɗe, jama'a suka kwararo. Da Patrice Talon ya hau mulki a 2016, aka taƙaita jami'o'in gwamnati zuwa huɗu, aka rufe ƙananan cibiyoyi da dama da aka warwatsa a garuruwa. Cikin huɗun nan, ta Paraku ce kaɗai mai hedikwata a arewa, ita ce kuma ke karɓar mafi yawan 'ya'yan jihohin Alibori da Borgu da Atakora da Donga. Shi kansa garin bai tsaya jiran kowa ba: daga mutum kimanin 150,000 a 2002 ya haura 255,000 a 2013. Ɗalibi na takarar ɗaki ne da ma'aikacin da aka canja wa wurin aiki, da direba, da sabon ango, da mai koyon sana'a, kuma a cikinsu duka shi ne mafi ƙarancin kuɗi a aljihu.

Hanyar farko da kowa ke fata ita ce ɗakunan kwana na cikin jami'a, waɗanda ke hannun hukumar jin daɗin ɗalibai da ake kira COUS. Ita ce kuma ke kula da ɗakin cin abinci da motocin ɗalibai. Amfanin wannan ɗaki a fili yake: kuɗinsa kaɗan ne, ruwa da wuta na ciki, aji kuma yana bakin ƙofa. Matsalarsa ita ce ba ya isa, bai ma kama hanyar isa ba. Ana nemansa da takardu shekara-shekara, wanda ya samu bana ba shi da tabbacin baɗi, kuma sabon ɗalibi da ya sauka tasha da akwatinsa ba zai iya kwana a titi yana jiran fitowar sunaye ba. Abin da ke biyo baya sananne ne a jami'o'in Afirka ta Yamma duka, daga Dakar zuwa Abijan zuwa Samarun Zariya: wanda ya samu gado ya raɓa ɗan garinsu, ɗan garin ya jawo abokinsa, ɗakin mutum biyu ya koma na biyar, katifu a jingine da bango da rana, a shimfiɗa su da dare. Doka ta hana, amma masu kula da ɗakunan sun san cewa in suka kori 'yan raɓen nan, babu inda za su nufa. Ko a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta girmi ta Paraku da kusan shekara 40, sai da gidauniyar Ɗangote ta gina wa ɗalibai sababbin ɗakuna a 2019, kuma har yau Samaru da Hayin Dogo cike suke da ɗalibai 'yan haya.

Hanya ta biyu ta girmi jami'ar da gwamnatin da ta kafa ta, wato sauka a wurin mai masauki. Paraku tsohon zango ne. Ayarin fatake daga Kano da Sakkwato kan ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Paraku da Jugu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan fatauci a littafinsa na 1980. A kowane zango akwai mai gidan da ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Zuwan Turawa bai kashe wannan tsari ba, sai ma ya ƙara ɗaure Paraku da Malanville. Hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano ta iso Paraku a 1936 ta tsaya cak, don haka shekara da shekaru a nan aka yi ta sauke kayan Nijar daga jirgi a loda wa motoci, su bi ta Kandi zuwa gadar Gaya. Sakamakon haka da wuya a sami gidan kasuwanci a Malanville da ba shi da wani nasa a Paraku: ɗan'uwa, suruki, tsohon yaron mota da ya zama mai gida, ko abokin ciniki a unguwar Zango ko kasuwar Arzeke. Ga kuma harshe. Dandanci, wanda yaron Malanville ya tashi da shi ko da Bahaushe ne, shi ne harshen ciniki a Paraku. Da an ga sunan yaro a jerin waɗanda suka ci, uba kan ɗaga waya ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan tafe, amana ce." Amsar kuma ba ta canjawa: "Ai gida ya zo."

Sai dai tsarin masauki an gina shi ne a kan baƙon da ke kawo riba ya wuce. Falke na kwana bakwai ko wata guda, mai gida ya ci la'adarsa, a yi sallama. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma ɗalibi ba ya tashi da hantsi: digirin farko shekara uku ne in ba a maimaita ba, likitanci kuwa ya fi ninkin haka. Ba ya kawo la'ada, ga ci, ga wanka, ga fitilar da ke kunne har tsakar dare. Kunya ta hana mai gida ya nemi kuɗi, ta hana iyaye su tambayi nawa za su bayar, don haka sai biyan ya koma wata siga. Iyaye su aiko da buhun shinkafa da kwandon albasa da busasshen kifi a motar kasuwa, yaro kuma ya biya da jikinsa: shi ne ɗan aike, shi ne mai kai yara makaranta a babur, shi ne mai yi musu bitar darasi da dare, wani lokaci har da jiran shago ranar da ake da lacca. Kwanansa a ɗakin zaure ne tare da samarin gida da duk baƙon da ya sauka. Ana rufe ƙofar gida bayan sallar isha, alhali abokan karatunsa a lokacin suke haɗuwa bita. Ba zai kai ƙara gida ba, domin za a ce ya raina alheri. Akwai gidajen da ke riƙe ɗan wani fiye da nasu, kuma manyan ma'aikata da yawa a arewacin Benin a irin waɗannan gidaje suka yi karatu. Amma a bisa adalci, masauki ya fi dacewa da makonnin farko, kafin yaro ya san gari ya sami abokan haɗa haya, kuma zai fi wa kowa sauƙi in tun farko manya suka yanke tsawon zaman da abin da za a riƙa aikowa.

Mafi yawan ɗalibai a ƙarshe haya suke kamawa. Jami'ar tana gabashin gari, kan hanyar Okpara, kuma unguwannin da ke kewaye da ita, irin su Banikanni da Arafat da Baka, sun cika da gidajen da aka gina musamman don wannan kasuwa. Fasalinsu kusan ɗaya ne: dogon gini na bulo da rufin kwano, ɗakuna a jere kamar shagunan kasuwa, kowanne da ƙofarsa ta ƙarfe tana kallon tsakar gida, a ƙurya kuma banɗaki da makewayi na kowa da kowa, da rijiya ko famfo guda. Mafi arha shi ne falle ɗaya, wanda ake kira antire-kushe: taga ɗaya, ƙwan fitila ɗaya, wurin cajin waya ɗaya. A cikinsa ɗalibi zai shimfiɗa katifa, ya ajiye jarkar ruwa a bayan ƙofa, ya kafa ƙusa ya rataya kaya, tukunya da murhun gawayi ko ƙaramar tukunyar gas kuma su zauna a bakin ƙofa. Sama da shi akwai ciki da falo, sannan mai banɗaki a ciki da tayil a ƙasa, wanda sai 'ya'yan masu hali ko waɗanda suka haɗa kuɗi. Abin da ke raba ɗaki mai kyau da mara kyau sau da yawa ba ya bayyana ranar dubawa. Ɗakin da ba shi da silin yana da daɗi a watan Disamba lokacin hunturu, amma a Maris da Afrilu, daidai lokacin da karatu ya yi zafi, ba ya zaunuwa da rana. Rijiyar da ta cika a ƙarshen damina tana iya ƙafewa da bazara, a koma sayen ruwa a maƙwabta. Alherin watan Satumba, lokacin da ake neman ɗaki, guda ɗaya ne: ana cikin ruwa, don haka mai dubawa zai ga tabon yoyo a bango da idonsa, ya kuma ga ko hanyar gidan tana biyuwa bayan an ɗauke ruwa.

Tsakanin mai neman ɗaki da mai gida akwai dillali. Yawanci ba shi da ofis, sai allo a jingine a bakin titi da lambar waya, da babur, da sanin kowane lungu. Kafin ya motsa sai an ba shi kuɗin dubawa, kuma wannan kuɗi ya tafi ke nan ko an kama ɗakin ko ba a kama ba. Mai neman ɗaki ne kuma zai sayi mai ko ya biya ɗan zem, wato ɗan kabu-kabu. Daga nan ake gane dillalin kirki da na banza: na banza ya san ɗakin bai dace ba, ko ma an riga an kama shi, amma ya kai mutum don ya ci kuɗin dubawa, gobe ya sake kai shi wani. In an daidaita, sai la'ada. Ba za a ce dillali ba shi da amfani ba, domin masu gidaje da yawa ba sa zaune a gidan, wasu ma ba sa garin, kuma baƙon da ya sauka jiya ba shi da wata hanyar sanin inda ɗaki ya faɗi. Amma ribarsa tana cikin sauyin 'yan haya da tashin farashi, don haka ba shi ne mutumin da zai faɗa wa ɗalibi aibin gida ba. Wannan aikin maƙwabcin ɗaki ne, in an tambaye shi bayan dillali ya ba da baya.

Benin tana da dokar haya. A Yulin 2018 aka kafa doka kan hayar gidajen zama, aka sake mata fasali a 2022. Dokar ta 2018 ta ƙayyade kuɗin ajiya, wanda kowa ke kira kosiyon, kada ya wuce na wata uku; ta ce hayar shekara kada ta haura kashi 8 cikin 100 na darajar gidan; ta kuma tsaida la'adar dillali a rabin hayar wata guda. Kafin ta, masu gidaje a manyan garuruwa kan nemi na wata shida har zuwa shekara. Amma ko an bi dokar sau da ƙafa, lissafin yana da nauyi. A ɗauka, don misali, ɗaki ne na sefa 10,000 a wata. Ajiya 30,000, watan farko 10,000, dillali 5,000: an kai 45,000 ba a sayi ko tabarma ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun Janairun 2023 sefa 52,000 ne. Sannan masu gidaje sun iya zagaye: in ajiya ta tsaya a wata uku, sai a ƙirƙiro ajiyar ruwa, ajiyar wuta, ajiyar fenti. Maganar kashi 8 kuwa, ba a taɓa jin ɗalibin da ya tsaya a gaban mai gida yana tambayar darajar gininsa ba. Inda masu nema goma ke bin ɗaki ɗaya, wanda ya kawo zancen doka shi ne na farkon da za a ce wa an riga an bayar.

Abin da ya fi tsananta wa mutanen Malanville shi ne lokacin da ake buƙatar wannan dunƙulallen kuɗi. Sakamakon BAK na fitowa a Yuli, ana zaɓen sashen karatu ta intanet, a buɗe jami'a wajen Satumba zuwa Oktoba. Wannan kuwa shi ne lokacin da aljihun manomin bakin kogi ya fi bushewa. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai shigo ba, kuma a shekarun da ruwa ya yi yawa Kwara kan cika ta shanye gonakin shinkafa a Malanville da Karimama. Kuɗin albasa sai da rani, kuɗin auduga ma, ga masu nomanta a wajen Kandi da Banikoara, sai bayan an auna an kai. Tallafin gwamnati, ga wanda ya dace da shi, ba ya riga buɗe makaranta zuwa. Don haka kuɗin ɗakin farko yakan fito ne daga akuyar uwa, ko kwasar adashi, ko bashin da za a biya da albasar da ba a dasa ba tukuna. Iyalin da suka makara da mako biyu wajen haɗa kuɗin, sun rasa ɗakunan kusa da jami'a.

A kan wannan aka ƙara rufe iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta saka takunkumi, aka toshe gadar Malanville, motoci suka yi layi na kilomitoci. Benin ta buɗe nata gefen a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata a rufe. Garin da ke ci daga wucewar kaya, 'yan dako da masu sayar da abinci da 'yan canji da masu cika takardun kwastan, ya ga ciniki ya karye, mutane da kaya suka koma ƙetarewa a kwalekwale da tsada. Hayar da ake biya a Banikanni daga bakin gadar nan take fitowa, kuma mai gida a Paraku ba ruwansa da siyasar Yamai da Kwatano in wata ya mutu.

Bayan an shiga ɗaki, akwai kuɗaɗen da ba a faɗa ranar ciniki. Wuta ta kamfanin SBEE ce, ruwa na SONEB, amma a gidan haya da wuya kowane ɗaki ya sami mitarsa daga kamfani. Mai gida ne ke da babbar mita, ya sa wa kowane ɗaki ƙarama, ya kuma yanka nasa farashin, wanda yakan fi na kamfani. Inda babu ƙananan mitoci, ana raba kuɗin bisa yawan ƙwayayen fitila da kayan wuta, kuma a nan ne rigimar gidan haya ke farawa: wane na da dutsen guga a ɓoye, wance na dafa ruwa da hita. Sai kuɗin yashe masai da na kwashe shara. Sai kuma nisa, wanda shi ne ke yaudarar sababbi. Ɗakin da ke can gefen gari ya fi arha, amma in zuwa jami'a a zem sefa 200 ne, dawowa 200, to a kwana 22 na karatu an kashe 8,800, kusan hayar wani ɗakin. Shi ya sa tsofaffin ɗalibai ke auna gida da tafiyar ƙafa, shi ya sa kuma masu gidajen bakin jami'a ba sa sassautawa. Ɗaliban likitanci da na jinya lissafinsu dabam ne, domin rabin rayuwarsu a asibitin koyarwa na Borgu da Alibori take, har da kwanan aiki.

Maganin da ɗalibai suka samar wa kansu shi ne haɗa kai. Biyu ko uku su kama falle ɗaya, huɗu su kama ciki da falo, yawanci 'yan gari ɗaya ko 'yan makaranta ɗaya. Tukunya ɗaya ce, buhun da ya zo daga gida na kowa ne, kuma da azumi ba wanda ke sahur shi kaɗai. Amma zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Sunan mutum ɗaya ke wurin mai gida, shi ake bi bashi in ɗaya ya gaza. In wani ya faɗi jarrabawa ya koma gida a tsakiyar shekara, kasonsa na ajiya ya zama abin jayayya. Dogon hutu ma tarko ne: ko a biya hayar watannin da ɗakin ke kulle, ko a sake shi a dawo a faro daga dillali da sabuwar ajiya. Daga wannan ne wata al'ada mai amfani ta fito, ta gadon ɗaki. Wanda ya gama karatu ba ya mayar da mabuɗi, sai ya kai ƙanensa na gari wurin mai gida ya gabatar da shi, sabon ya mayar wa tsohon ajiyarsa, a bar masa katifa da bokiti. Ta haka wasu gidaje suka zama na 'yan gari kaza shekara bayan shekara. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin kowace ƙaramar hukuma su ne ke riƙe da wannan zare, su tari sababbi a tasha, su raɓa su kwana biyu, su nuna musu mai gidan da ke mayar da ajiya da wanda ba ya mayarwa. Aikin da suke yi babu ko sisi ya fi na ofisoshi da yawa.

Ga 'ya mace, maganar ɗaki ita ce ke yanke ko za ta yi karatun ko ba za ta yi ba. Alibori na cikin jihohin da suka fi ƙarancin yara a makaranta a Benin, kuma yarinyar da ta kai ga cin BAK a Malanville ta riga ta tsallake shingaye da yawa. Uban da ya yarda ta yi sakandare a gabansa ba lalle ne ya yarda ta kama ɗaki ita kaɗai a gidan da samari ke zaune, banɗaki ɗaya, ƙofar gida ba ta rufuwa ba. In ba a sami gado a ɓangaren mata na jami'a ba, sai gidan gwaggo ko na aminin uba, inda aikin da ke jiranta ya ninka na namiji: girki, wanki, reno, kasuwa. In babu ko ɗaya, sai a ce ta haƙura, mai neman aure kuma dama yana bakin ƙofa. Wadda ta tafi ba da isasshen kuɗi ba tana fuskantar wani haɗarin, na mai gida ko wani mai hali da zai ce zai ɗauke mata haya. Benin ta kafa doka a Disamban 2021 mai tsananta hukunci kan cin zarafin mata, amma yarinyar da ake bi hayar wata uku ba ta da ƙarfin kai ƙarar wanda mabuɗin ɗakinta ke hannunsa.

Waya ta kawo sauƙi, ta kawo kuma sabuwar damfara. Ana tallan ɗakuna a Facebook da WhatsApp da hotuna masu kyau, a ce wa wanda ke Malanville masu so sun yi yawa, ya turo kafin alƙalami ta MoMo, wato kuɗin waya, a riƙe masa. Ya iso ya tarar lambar a kashe, ko ɗakin da mai shi a ciki. Nisan kilomita 320 shi ne jarin ɗan damfara. Kariyar kuwa tsohuwa ce: kada kuɗi ya fita sai wani na gida ya taka ya ga ɗakin, ya ga mai gidan ko wakilin da maƙwabta suka shaida. A karɓi rasiɗi a kan kowane biya. A rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce, da adadin ajiya da sharaɗin mayar da ita, a ɗauki hoton bango da ƙofa da lambar mita ranar shiga. Mutanen da suka saba ciniki da baki da amana sukan ga neman takarda kamar rashin yarda ne, amma ranar fita, in mai gida ya ce ajiya ta tafi a gyaran fenti, mai unguwa ko ɗan sanda abin da zai fara tambaya ke nan.

Wanda ya wuce Abome-Kalabi yana samun duk waɗannan matsaloli a ninke. Jama'ar wannan ƙaramar hukuma sun tashi daga kimanin 308,000 a 2002 zuwa sama da 650,000 a 2013, unguwar Zogbaje da ke jikin jami'a ta cika ta batse, harshen ciniki kuma Fon ne, wanda ɗan arewa ba ya ji. Masu dangi a ƙetaren kogi da suka nufi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Doso da aka kafa a 2014, wadda ma ta fi Paraku kusa da Malanville, suna tarar da tsarin biyan wata-wata irin na gida. A Najeriya kuwa, a Sakkwato ko Zariya, hayar shekara guda ake nema a dunƙule, abin da ke sa ajiyar wata uku ta Benin ta zama kamar rangwame.

Gina sababbin ɗakunan kwana a jami'a wajibi ne a kan gwamnati, amma ba a taɓa ganin jami'ar yankin nan da gininta ya cim ma yawan ɗalibanta ba, kuma yaron da ya ci BAK bana ba zai jira ba. Abin da ke hannun mutanen Malanville ya fi wannan kusa. Garin yana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar, yana da attajiran da ke gina masallatai da kai mutane Makka, yana da ƙaramar hukuma mai karɓar haraji. Kama gida biyu a kusa da Jami'ar Paraku da sunan gari, ɗaya na maza, ɗaya na mata da dattijuwa mai kula, ba ya buƙatar sa hannun minista. Haka nan asusun da zai ranta wa iyaye kuɗin ajiya a Satumba su biya bayan an cire albasa. Ƙungiyar ɗalibai ta riga ta san gidajen da masu su, ta san yaran da ke tafe. In za a fara da ɗaya, gidan mata ya kamata a fara kamawa.